Dunduniyar da Ɗangiwa Ya Ƙera

A Fakku, can bakin Gulbin Ka, an yi wani maƙeri da ake kira Ɗangiwa. Ba sunansa na yanka ba ne, tun yana goye kakarsa ta laƙaba masa saboda nauyi. Shi kuwa da ya girma sai ya ɗauki abin da gaske, in yana tafiya ya cika hanya, in yana magana ya cika kunne. Ƙira gado ce a gidansu, kuma kada a ci haƙƙinsa, ya iya ta. In ya ƙera maka galma, sai ƙota ta ruɓe ka sake wata, ita ma ta ruɓe, ruwan galmar na nan ko tsagewa bai yi ba. Manoma tun daga Kebbe har ƙauyukan Tambuwal sun san haka. Abin da ya ɓata lamarin, shi ma ya sani, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Ko lauje ka je saye, sai ya riƙe shi ya ƙi sakar maka, ya dube ka ya ce, "Aikina ba shi karyewa." Ka ce ai ka sani. Ya ce, "Ba ka sani ba, ji dai kay yi. Tafi ka gwada." Maganar ta bi gari har mata a bakin rijiya, in tulu ya faɗi bai fashe ba, sai su ce lalle Ɗangiwa ne ya gina shi.

A wurinsa ƙarfe iri ɗaya ne tak a duniya: baƙi, wanda ake sa wa wuta ya yi ja, a ɗora shi kan uwar maƙera a ba shi masaba har ya ji magana. Sauran duk tarkace ne. Maƙeran fari, masu narka tagulla da goran ruwa, farin ƙarfen nan marar nauyi, suna zuba cokula da awarwaro, ba ya ƙirga su cikin maƙera. Masu girki yake ce musu, tunda a tukunya suke aikinsu. To, Allah da ikonsa, daga gidan masu girkin nan ya auro matarsa Atu, 'yar Tambuwal. In wanta Na'iya ya zo ganinta, Ɗangiwa zai gaishe shi gaisuwar suruki yadda ya kamata, ya sa a shimfiɗa masa tabarma, sa'an nan a gaban jama'a ya tambaye shi ko matan Tambuwal suna yabawa da cokula bana. Na'iya ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi. Atu tana ji daga cikin gida, ba ta tankawa. Mace ce mai ajiye magana kamar yadda take ajiye daddawa, sai ranar amfani.

Abu ɗaya Ɗangiwa yake so a duniya bai samu ba, shi ne rawanin Sarkin Maƙera. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba baffansa mai riƙe da sarautar ya rasu, aka bar mutum biyu suna kallon rawani: shi, da Namadi ɗan marigayin, wanda suke maƙera ɗaya. Namadi ba wani gwanin ƙira ba ne, fartanyarsa damina guda take yi ta nemi hutu. Amma ba ya fashin gaisuwar safe a ƙofar hakimi, kuma ya iya yin shiru a inda shiru ke da riba. Hakimin kuwa bai ga dalilin gaggawa ba. Tun da aka fara neman sarautar nan gonarsa ba ta sake rasa sabuwar galma ba, yau daga wannan, gobe daga wancan. Ɗangiwa yana kwana yana tashi da abin a ransa, har ya rame a wuya.

Ana cikin haka gwamnatin Jihar Arewa ta aiko wa garin da jirgin ruwa mai inji, don a riƙa haye da ma'aikata da marasa lafiya in gulbi ya cika. An zo da shi tare da direbansa, wani Bube mutumin Yawuri, mai hular kaki da ba ya cirewa sai zai yi alwala. Injin yana cikin jirgi, amma yana da ƙafa guda da ta fita ta baya ta nutse cikin ruwa, da farfela a ƙarshenta. Ƙarƙashin farfelar akwai wani falle na farin ƙarfe mai faɗin tafin hannu, wanda Bube ke kira dunduniya. Ita ke riƙe jirgi ya tafi sosai, ita ce kuma ke fara cin karo da duk abin da ke ƙarƙashin ruwa kafin ya kai ga farfela. Gari ya yi murna, ban da masu fito da kwalekwale, waɗanda aka wayi gari ba mai ko yi musu sallama.

Akwai wani dutse a tsakiyar gulbin da kowane ɗan fito ya san shi tun yana koyon riƙe gora. Ba wanda ya gaya wa Bube, shi ma bai tambaya ba, mai hular kaki ina shi ina tambayar masu kwalekwale. Da tsakiyar damina ya haɗu da dutsen. Dunduniya ta lanƙwashe gefe guda, bakinta ya tsage. Daga ranar jirgi ya daina tafiya sosai, in an nufi ƙetare sai ya riƙa karkata yana neman dawowa gida. Wurin gyara yana Sakkwato, hanya kuwa ruwa ya cinye ta. Hakimi ya sa aka kira maƙeran nan biyu, aka kwance ƙafar injin aka ajiye a gabansu, ya ce duk wanda ya tayar da jirgin gwamnati, ya san abin da ke jiransa.

Namadi ya tsuguna ya ƙwanƙwasa dunduniyar da farce, ya saurara, ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban san wanga ƙarfe ba."

Ɗangiwa ya yi dariyar da sai da tantabaru suka tashi daga kan zaure. "Ranka shi daɗe, a kai min shi maƙera. Ƙarfe dai na, ba aljani ba."

Da ya shiga gida cin abincin rana, Atu ta ajiye masa akushi, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Maigida, na leƙa abin ga da anka wuce da shi bisa jaki. Goran ruwa na."

"To?"

"Gidanmu shi aka narkawa, cikinai nit tashi. Ba shi yin ja. Kana kallo nai fari, sai dai ka ga ya zube. Ka aika Tambuwal a kira Yaya Na'iya shi duba ma."

Ɗangiwa ya ajiye lomar da ya ɗauko. "In aika a kira min mai girki? Ranar da nika neman sarautar maƙera? Ke dai Atu, ki tsaya ga tukunyarki." Ta ɗauki tulu ta fita.

Washegari da hantsi rabin gari yana bakin maƙera, har da masu fito, waɗanda dama ba su da aikin yi. Bube ya tsiyaye baƙin man da ke cikin ƙafar, ya naɗe saman da jiƙaƙƙun tsummoki, yana ta addu'a a ƙasan maƙoshi. Aka zuba gawayin ƙirya, aka cusa dunduniyar a tsakiyar wuta. Namadi da kansa ya ce shi zai riƙe wa yayansa zugazugi, mutane suka yaba da wannan zumunci.

Ɗangiwa ya tsaya da masaba a hannu yana jiran ja. Duk abin da ya sani a duniya ya taru a nan: ƙarfe ya yi ja, ka fitar, ka daka. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi. Gawayi ya yi ja, bakin awartaki ya yi ja, har fuskar Ɗangiwa ta yi ja, dunduniya tana nan fari fat kamar ba da ita ake ba.

"Wanga taurin kai gare shi," in ji shi. "Namadi, zuga!"

Namadi ya zuga. Ba a taɓa ganin Namadi ya yi aiki da zuciya ɗaya irin na ranar ba, gumi har ƙugu.

"Baba," in ji Bube, "a fiddo a duba mana."

"Kai direba, tuƙi naka, wuta tawa. Zuga!"

Can da ya gaji da jira, ya miƙa awartaki ya cafki dunduniyar don ya juya ta. Awartakin ya shige ciki bai ji komai ba. Ya ɗago shi wayam. Dunduniyar jirgin gwamnati ta sunkuya a hankali, ta saki jiki, ta kwarara cikin toka tana ƙyalli. Da aka ja ƙafar waje, abin da ya rage ɗan dungu ne da bai wuce faɗin yatsa biyu ba.

Sai wani tsoho cikin masu fito ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Yau ga Ɗangiwa ya yi girki."

Da wani mutum ne, a nan zai zauna ya riƙe kai. Ban da Ɗangiwa. Ya juya ya fuskanci jama'a. "Kun gani da idonku? Wanga ƙarfe na? Kakin zuma na Turawa sunka shafa ma fenti sunka bar muna. Da gangan niy yi, don ku san irin ha'incin da aka yi muna. Yanzu za ku ga dunduniya."

Kuma wallahi an gan ta. Ya ɗauko sabon ruwan galma, ya sa wuta, wannan karon abu ya yi ja yadda Allah ya halicce shi. Ya fitar da siffar, ya tsaga samanta biyu ta yadda za ta ciji dungun nan ta kowane gefe, ya huda, ya zura ƙusoshi ya daddale kawunansu. Ya bi ta da magagari har tana ɗaukar ido. Sa'an nan, da yake a ganinsa masu jirgin rowa suka yi, ya ƙara mata tsawo da kusan taƙi guda.

Bube ya zagaya ta, ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula. "Baba, aiki ya yi kyau. Amma inda anka koya muna, an ce da gangan anka yi ta da taushi. In an bugi dutse, ita ta karye, ƙafa ta tsira."

Ɗangiwa ya dube shi kamar ya zagi ubansa. "A yi abu don shi karye? Wa yaf faɗi haka? Wanda ka son shi saida maka wata. Ɗauki ka tafi."

Aka ɗaura, aka tayar da inji. Jirgi ya tafi sosai ya dawo sosai. Mata suka yi guɗa, makaɗan dundufa suka kwana biyu ba su bar ƙofar gidan Ɗangiwa ba. Hakimi ya ga ba sauran hanyar jan lokaci, ya ce in ruwa ya fara ja za a yi naɗi, kuma wakilin uban ƙasar da ke sama da shi, wanda zai zo rangadin ƙauyukan ƙetare, shi zai zo da rawanin ya naɗa da hannunsa. Daga nan Ɗangiwa ya zama abin gudu. Ko gaisuwa ka yi masa sai ka ji tarihin dunduniya. Ya ɗinka riga, ya sayi rago, ya kuma aika takanas har Tambuwal a gayyato Na'iya, don ya zo ya ga yadda maza ke ƙira.

Ranar naɗi wanzami ya yi masa aski tas, ya shafa mai, ya fito bakin gulbi ba hula, don kada a ɓata lokacin cirewa. Gari duka yana wurin. Bube ya haye ya ɗauko wakili da 'yan rakiyarsa da adudun da rawanin ke ciki. Yanzu ya san inda dutsen yake, ya kuma san iyakar zurfin da tsohuwar dunduniya ke wucewa lafiya, sai ya bi ta gefensa kamar yadda ya saba. Abin da bai sa a lissafi ba, ruwa ya ja, dunduniya kuma ta ƙaru da taƙi.

Ƙarar da aka ji har cikin gari. Bayan jirgin ya ɗaga sama ya faɗo, inji ya yi wani irin kuka ya yi shiru, baƙin mai ya bazu a kan ruwa. Dunduniyar Ɗangiwa ba ta karye ba. Ƙafar injin ce ta tsage tun daga ƙasa, haƙoran giya da farfela suka zube cikin gulbi.

Ruwa ya ɗauki jirgin a hankali. Ya zo ya gifta daidai gaban jama'a, wakili ya rungume adudu yana salati, Bube yana tuƙi da hularsa ta kaki. Makaɗa ba su gane ba, suka ƙara wa dundufa wuta, sun ɗauka zagayen ban girma ake yi. Ɗangiwa yana tsaye rana na dukan ƙwaryar kansa, yana kallon rawaninsa ya wuce shi, ya yi ƙasa, ya sha kwana.

Hakimi ya juya yana neman masu fito. Suna zaune a inuwa, ba wanda ya motsa. Tsohon nan ya ce, "Ranka shi daɗe, mu aka kira? Ashe an san muna nan." Sai da aka roƙe su da girman Allah, sa'an nan suka tashi, suka kwance kwalekwale ba tare da wani hanzari ba. Can ƙasa suka tarar da jirgin ya maƙale cikin ciyawa. A baya aka goyo wakili aka fitar da shi daga laka, takalmi ƙafa ɗaya. Rawanin dai ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Kafin a dawo da su, wani basarke masunci ya nutsa gindin dutsen ya fito da abu a hannu. Dunduniyar ce, lafiya lau, ko lanƙwasa ba ta yi ba, tana cije da ɓallin ƙafar injin da ta yago. Ɗangiwa ya karɓa. Ya juya ta, ya shafa bakinta da babban yatsa, sai fuskarsa ta washe. Wakili na isowa yana ɗingishi, ya tare shi, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Ranka shi daɗe, duba! Jama'a, ku duba! Ta karye? Dutse ta buga, jirgi ya mutu, ita ko gezau. Na faɗa muku aikina ba shi karyewa!"

Abin tausayin, ba borin kunya yake ba. Har cikin zuciyarsa murna yake.

Wakili ya dube shi, ya dubi ƙafarsa marar takalmi, ya juya wurin hakimi. "Shi na?"

"Shi na, ranka shi daɗe."

"Ɗayan fa?"

Namadi ya fito daga cikin taro a natse, ya durƙusa, ya cire hula. Kansa a aske yake tas, askin safiyar nan. A nan bakin gulbi aka naɗa shi, da makaɗan da Ɗangiwa ya gayyato, aka kuma ci ragon da Ɗangiwa ya yanka, tunda an riga an dafa.

Jirgin aka jawo shi gindin wata tsamiya, aka ce za a aiko da sabuwar ƙafa. Ana jira soja suka karɓi mulki, waɗanda suka san da zancen aka watsa su, ba wanda ya sake tambaya. Kaji suka mayar da shi wurin ƙwai. Bube ya koma bin manyan motoci. Masu fito suka koma aikinsu, marar lafiya ya koma kwanciya a kwalekwale yana jiran a tara mutane.

Ɗangiwa ya rataye dunduniyar a ƙofar maƙera. Mutane ba su daina sayen galmarsa ba, don har yanzu ba kamarta. Amma kowace safiya sai ya shigo ya tarar da Namadi zaune kan buzu da rawani, ya buɗe baki ya ce, "Sarki, an kwana lafiya?" Kalmar nan tana fita ne kamar ana zare masa haƙori, kuma bai taɓa sabawa ba. In ya miƙa wa mutum lauje ya ce aikinsa ba ya karyewa, sai mutumin ya dubi abin da ke rataye a ƙofa ya ce, "Ai mun gani."

Abin da bai sani ba, ranar da ya yi girkin nan, bayan taro ya watse, Atu ta je da rariya ta tankaɗe tokar maƙera, ta tsince gudajin farin ƙarfen ta ƙulle a tsumma. Da Na'iya ya zo naɗin da ba a yi wa mijinta ba, ta saka masa a aljihu. Bayan kaka wani ɗan kasuwa ya kawo mata saƙo daga Tambuwal.

Wata rana da azahar Ɗangiwa ya dawo a gajiye, ta ajiye masa ƙwaryar fura da ludayi a ciki. Ya kai baki sau biyu, sa'an nan ya tsaya ya duba. Ba na duma ba ne. Fari ne, marar nauyi, bakinsa sumul, ya zauna a hannu daidai.

"Wanga ludayi ina kis samo shi?"

"Dunduniyar jirgi ta, wadda kan narka," in ji Atu. "Yaya Na'iya yaz zuba. Ya ce a gaishe ka, a tambaye ka ko mazan Fakku na yabawa."

Ɗangiwa ya juya ludayin a hannu. Daga inda yake zaune yana hango ƙofar maƙera, da tasa dunduniyar tana lilo a igiya, tsatsa ta fara cin ta. Ya ɗora babban yatsa a wuyan ludayin ya danna. Ya ji ya fara ba da kai, ƙiris ya rage. Atu tana tsaye tana kallonsa.

Ya sassauta yatsan.

"Furag ga ta yi tsami," in ji shi.

Ya sake cika ludayin ya kai baki.